Yadda ɗalibi zai farfaɗo bayan faɗuwa jarrabawar WAEC ko JAMB

Sakamako ya fito, ka duba ka ga D7 a Turanci, ko maki 148 a JAMB, alhali abokanka suna ta liƙa nasu a WhatsApp. Aiki biyu ne a gabanka: jinyar zuciya da shirin gaba. Yawancin ɓarnar da ake yi tana faruwa ne saboda an haɗa su a rana ɗaya, a yanke babbar shawara da zuciyar da ke tafasa. Ga yadda ake bin su daki-daki.

Kwana ukun farko: kada ka yanke komai

Ban da cewa "na bar boko", ban da sayen sabon fom, ban da barin gari. Kuka, rashin son abinci da juye-juye a kan gado duk abin da aka saba gani ne a wannan tsakani, ba alamar rauni ba ne. Abin da ake so ka tsare kaɗan ne. Ka ci wani abu sau uku ko da ba ka jin yunwa, ka kwanta a lokacin da ka saba, ka yi sallolinka. Ka kashe sanarwar zauren ajinku na mako guda, domin waɗanda suka ci ne kawai ke liƙa sakamako, sai ka ɗauka kai kaɗai ka faɗi.

Ka faɗa wa iyayenka da bakinka kafin su ji a waje, kuma a taƙaice: "Baba, sakamako ya fito, Turanci bai ba ni ba. Ina neman kwana biyu in yi tunani, sannan in zo mu yi shawara." Idan kana tsoron faɗa, ka sa kawu, gwaggo ko yaya a tsakani. Ɓoyewa ko gyara takardar sakamako a kwamfuta shi ne mafi muni, don ranar tantancewa a makaranta asiri zai tonu, kuma kafin ranar kai ne za ka kwana da fargaba.

Ka mayar da faɗuwar daidai girmanta

Zuciya za ta ce maka "ni daƙiƙi ne". Takarda ba haka ta ce ba. Ɗauki biro ka rubuta darasi ɗaya-ɗaya da abin da ka samu. A WAEC da NECO, daga A1 zuwa C6 kiredit ne, D7 da E8 tsallakewa ce da ba ta kai kiredit ba, F9 ce faɗuwa. Abin da jami'o'i ke nema shi ne kiredit biyar, har da Turanci, da kuma Lissafi a yawancin kwasa-kwasai. Mai kiredit shida da D7 a Turanci darasi ɗaya ne ya tsare shi, kuma taki ɗaya ne tsakaninsa da C6. Idan kuwa an rubuta cewa an riƙe sakamakon wani darasi, wannan bincike ne ake yi, ba hukunci ba, sai a bibiya ta hannun makaranta.

Haka JAMB. A 2025, cikin kusan mutum miliyan 1.9 da suka zauna jarrabawar, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ba don ka miƙe ƙafa aka kawo wannan ba, sai don ka san cewa hanyar da kake kai cike take da mutane.

Ka yi wa "da na sani" iyaka

Da na sani ƙeya ce, kuma ita ke cinye dare. Ƙoƙarin korar tunanin da ƙarfi ba ya aiki, ƙara dawowa yake yi. Abin da ya fi shi ne ka ware masa minti goma sha biyar kullum, misali bayan la'asar, ka zauna da littafi ka rubuta duk abin da ke cin ranka. Idan ya zo maka da tsakar dare, ka ce masa sai gobe da la'asar. Kwanakin farko zai ƙi ji, amma a hankali yake sabawa.

A wannan zaman, raba shafi biyu. A gefe ɗaya abin da yake hannunka: ba ka gama manhaja ba, ka dogara da satar amsa, ba ka taɓa gwada amsa tambaya a kwamfuta ba. A ɗaya gefen abin da ba ya hannunka: rashin malamin Lissafi a makarantarku, zazzaɓin da ya kama ka ranar jarrabawa, kwamfutar da ta tsaya. Gefen farko shi ne jerin aikinka, na biyu kuwa na haƙuri ne. Mutane kan karkata gefe guda, wani ya ɗora wa kansa komai har ya karaya, wani ya ce ƙaddara ce ya ƙi gyara komai. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya haɗa duka biyun: ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya, in kuma wani abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ya faru, ka ce Allah ne ya ƙaddara, abin da ya so shi ya aikata.

Ka ba yininka tsari tun kafin ka ji ƙarfin yi

Wanda ya jira sai ransa ya yi daɗi sannan ya motsa zai daɗe a ɗaki, domin motsin ne ke jawo daɗin ran. Daga rana ta huɗu, ka tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, ka yi tafiyar ƙafa ta minti talatin, ka samu wani aiki na awa biyu ko uku da ake ganin sakamakonsa, ko shagon ɗinki ne, ko gyaran waya, ko gona, ko koya wa ƙanne karatu. Ka fita sallar jam'i ko wurin ƙwallo ko da kana jin nauyin haɗa ido da mutane. Shirya amsa ɗaya ga masu tambaya: "Saura darasi ɗaya, zan sake, a taya ni da addu'a." Da wuya a ƙara tambaya bayan wannan.

Abin da ke rusa wannan mataki shi ne raba dare a kan waya da barcin rana, sai kuma abokin da zai miƙo maka ƙwaya ko kodin wai don ka manta. Mantuwar ta awa kaɗan ce, jarabar kuwa ta shekaru.

Bayan mako biyu, a zauna a zaɓi hanya

WAEC tana yin jarrabawar masu zaman kansu sau biyu a shekara, ɗaya a farkonta ɗaya wajen ƙarshenta, NECO ma tana da tata a ƙarshen shekara. Makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, amma kwasa-kwasai irin likitanci sukan nemi zama ɗaya, don haka ka duba sharaɗin kwas ɗinka kafin ka biya kuɗi. Makin JAMB na shekara ɗaya ne. Idan bai kai na jami'ar da ka zaɓa ba, ana iya canza makaranta ko kwas, a koma kwalejin ilimi ko ta kimiyya da fasaha. Akwai kuma IJMB, shirin share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, wanda ke kai ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya ƙara maka maki, ɗan damfara ne.

Idan sakewa za ka yi, kada ka maimaita irin karatun bara. JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 a Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Ka riƙa amsa tambayoyin shekarun baya da agogo a gabanka, a kwamfuta in da hali, sau ɗaya a mako, kana rubuta makinka. Duk tambayar da ka faɗi, ka rubuta dalili: ban san batun ba, ban fahimci Turancin ba, ko gaggawa na yi. Ganin maki yana tashi daga 150 zuwa 170 ya fi duk wata nasiha dawo wa mutum da ƙarfin gwiwa.

Ga iyaye, da kuma alamun da ba a jinkiri a kansu

Gorin kuɗin makaranta da kwatanta yaro da ɗan maƙwabci ba sa ƙara maki ko ɗaya, sai dai su koya masa ɓoye muku damuwarsa. Haka yanke wa yarinya karatu cikin fushi saboda darasi ɗaya: a bari ƙura ta lafa, a ji ta bakinta.

Idan mako biyu suka wuce yaro yana nan cikin baƙin ciki kusan kullum, ya daina abin da yake so, barci da cin abinci sun rikice, yana cewa ba shi da amfani, to ana zargin ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Idan ya ambaci mutuwa ko ya ce gara ba shi a duniya, ba a jira mako biyu. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar ba ta dasa masa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da sauran magunguna daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Inda suka yi nisa, a fara da babban asibiti mafi kusa, likita zai tura ku inda ya dace.