Yadda za ka karanta hasashen yanayi ka tsallake hunturun Fargo lafiya

Duk wanda Allah ya kawo shi Fargo, ko karatu ne a jami'ar NDSU ko aiki ko aure, abu na farko da zai koya shi ne kada ya tsaya kan lambar sanyi kawai idan ya buɗe waya da safe. Iska ake fara dubawa. Garin nan yana gabashin jihar Dakota ta Arewa a Amurka, a bakin kogin Red River, tsallaken kogin kuma Moorhead ce ta jihar Minisota, kuma duk yankin ƙasan wani tsohon tafki ne da ake kira Agassiz wanda ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, shi ya sa ƙasar take shimfiɗe ɗoɗar babu tudu babu dutse babu wani dajin kirki, iskar da ta taso daga Kanada babu abin da zai tare ta har sai ta zo ta same ka a bakin ƙofa.

To bari mu fara da lissafin digiri, don nan ne baƙo yake fara ruɗewa. Amurkawa da ma'aunin Faranhait suke aiki, mu kuma da Salshiyas muka saba. Ba sai ka tsaya buga lissafi kullum ba, haddace waɗannan kawai: 32 nasu shi ne 0 namu, wato inda ruwa ke daskarewa, 14 nasu -10 ne, 0 nasu kusan -18 ne, -22 nasu -30 ne, a -40 kuma duka biyun sun haɗu. Saboda haka idan mai karanta labarai ya ce gobe za a sauka ƙasa da sifili, yana nufin ƙasa da -18 namu ne fa. A watan Janairu, wanda shi ne tsakiyar abin, yawanci da rana ana kaiwa wajen -8 namu, da dare wajen -18, wannan matsakaici ke nan, akwai ranakun da za su fi haka muni nesa ba kusa ba. Mafi sanyin da aka taɓa rubutawa a garin shi ne -48 a nasu ma'aunin, kusan -44 namu, a Janairun 1887. Dusar ƙanƙara kuwa a shekara ana samun wajen inci 50, wato santimita 125 da ɗoriya, ba ta kai ta wasu garuruwan bakin manyan tafkuna yawa ba, matsalar ita ce wadda ta sauka ba ta narkewa, tana nan iska na ta wasa da ita har Maris.

Wajen duba hasashe ni shawarata ka bar manhajar da ta zo da waya a matsayin ta biyu, ka shiga weather.gov ka rubuta Fargo. Ofishin hukumar yanayi ta ƙasa da ke garin Grand Forks, arewa da Fargo, shi ke kula da wannan yankin, kuma a shafin akwai jadawalin awa-awa da ke nuna sanyi, ƙarfin iska, bugun iska mafi ƙarfi, da kuma sanyin da fata za ta ji idan an haɗa da iskar. Wannan na ƙarshen shi ne naka. Ana iya cewa -20 ne amma da iska jikinka -35 yake ji, kuma a ƙa'idar hukumar idan wannan lamba ta kai wajen -28 namu, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 30, idan ta ƙara sauka sosai lokacin yana komawa minti 10 ko ma 5. Kunne, hanci, kumatu da yatsu su ne ke fara tafiya. Kuma kada rana ta yaudare ka dan Allah, ranar da ka leƙa taga ka ga sama garau rana na ƙyalli, wani lokacin har da wasu hasken biyu a gefenta hagu da dama, to sau da yawa ranar ce ta fi kowacce sanyi, don babu gajimaren da zai riƙe ɗumi.

Sanarwar da za ta riƙa faɗowa a wayarka kashi-kashi ce. Idan ka ga Watch, abin yana iya zuwa nan da kwana ɗaya ko biyu, lokacin cefane da shan mai ke nan. Idan ya koma Warning, ya iso ko yana bakin ƙofa, a zauna a gida. Wadda ya kamata ka fi jin tsoro ita ce ta bilizad, wato guguwar iska mai ɗauke da dusar ƙanƙara, kuma ba yawan dusa ke sa a fitar da ita ba, sharaɗin shi ne iska ta kai mil 35 a awa, kusan kilomita 56, mutum ba ya iya hangen abin da ya wuce mita 400, kuma hakan ya ɗauki awa 3 ko fiye. Ka lura ba a ce dole sai sabuwar dusa tana sauka ba. A Fargo ana yin bilizad sama ba ta zubo ko ƙwaya ɗaya ba, tsohuwar da ke kwance a gonaki ce iska ke ɗagawa, a cikin gari tsakanin gine-gine kana ganin komai lafiya lau har ka ce ai zuzutawa suke, kana fita bayan gari da kilomita biyu sai duniya ta koma fari fat, ba titi ba gefen titi ba fitilar motar da ke gabanka.

Guguwar da ke kawo wannan hali iri biyu ce a mafi yawan lokaci, kuma za ka ji masu hasashe a talabijin suna kiran sunansu. Akwai kilifa ta Albata, mai tasowa daga yammacin Kanada, tana da sauri, dusarta kaɗan ce kuma busasshiya, inci ɗaya zuwa uku, sai dai bayan ta wuce ne iskar arewa maso yamma ke biyo baya da matsanancin sanyi, kuma ita wannan busasshiyar dusar ita ce ta fi saurin tashi. Mutane suna raina ta don sun ji an ce inci biyu ne kawai, alhali ita ce mai kama mutum a hanya. Ɗayar kuma mai tasowa ce daga wajen Kolorado, tana jawo danshi daga tekun Meksiko, dusarta mai nauyi ce kuma da yawa, ta fi zuwa a farkon hunturu da ƙarshensa, wajen Nuwamba da Maris har Afrilu. Ita ana ganin ta tun da kwanaki, ba ta cika yin ba-zata ba.

Mutanen garin ba su manta da 4 ga Fabrairun 1984 ba, ranar da bilizad ta faɗo ba shiri, motoci suka maƙale a titin 19th Avenue North kusa da filin jirgi, mutum huɗu suka rasu a cikin motarsu saboda hayaƙin inji da ya taru bayan dusa ta toshe salansa. A cikin gari fa, ba a daji ba. Darasin da ake koya wa kowa tun daga nan shi ne idan ka maƙale kada ka fita da ƙafa neman taimako, ka zauna a mota ka kira lambar gaggawa ta 911, ka kunna inji wajen minti 10 a kowace awa don ɗumi, amma kafin kowace kunnawa ka tabbata bakin salansa a buɗe yake, ka ɗan sassauta gilas ta ɓangaren da iska ba ta bugowa. A but ko kujerar baya a ajiye bargo mai kauri, ƙaramin shebur, tocila, cajar waya, wayar haɗa batir, safar hannu da hula na ƙari, dabino ko gyaɗa ko biskit, da abin kankare gilas. Tankin mai kada ya sauka ƙasa da rabi daga Nuwamba zuwa Afrilu.

Kafin kowace tafiya zuwa wani gari ka duba taswirar hanyoyi ta ma'aikatar sufurin jihar, ND Roads, ko ka kira 511. Manyan hanyoyi biyu ne suka gitta a Fargo, I-94 mai tafiya gabas da yamma, da I-29 mai tafiya kudu da arewa har iyakar Kanada, kuma ana rufe su idan abin ya yi tsanani, wanda ya bi rufaffiyar hanya tara ce ke jiransa, ga shi babu tabbacin wani zai iya zuwa ɗauko shi. Kada kuma ka yarda manhajar taswira ta karkatar da kai ta ƙananan hanyoyin ƙauye don babbar a rufe take, in babbar da ake sharewa ta gagara ai ƙaramar ba a magana. Game da motar kanta, batirin da ya tsufa ba ya kai Janairu, a gwada shi tun Oktoba. Yawancin motocin yankin za ka ga wata 'yar waya ta leƙo ta gaban bonet, ta hitar inji ce, ana jona ta da wuta awa biyu zuwa uku kafin a tashi idan dare ya yi sanyi sosai. Ruwan wanke gilas a sayi na hunturu wanda ba ya daskarewa. Tayoyin hunturu suna da tsada amma gaskiya sun cancanci kuɗinsu, musamman ga wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba, kuma ko da su a bar tazara mai yawa, a taka birki a hankali, a yi hattara da gadoji don su ke fara santsi.

Sutura kuma hawa-hawa ake yi. Na ciki mai manne wa jiki wanda ba auduga ba, don auduga tana riƙe zufa kuma jiƙaƙƙen kaya a wannan sanyin bala'i ne, sai suwaita ko ulu a tsakiya, sai babbar jaket mai tare iska wadda ta sauko har cinya kuma tana da hula. Takalmi mai rufi da ɗan sarari yadda yatsu za su motsa, safar hannu irin wadda yatsu huɗu ke zama tare ta fi mai rabe-rabe ɗumi, sai abin rufe wuya da hanci. Jaket ɗin da ka sayo a gida kafin ka taho, ajiye ta sai Afrilu. Ranar Juma'a mai son sa kaftani ya sa abinsa amma a kan dogon wando na ciki, kuma a yi alwala a gida a goge jiki ya bushe sarai kafin a fita, gemu ko hannu mai danshi yana daskarewa kafin ka isa mota. Ga mu masu baƙar fata ba lallai ka ga ja ba idan sanyi ya fara cin wuri, sai dai wurin ya yi toka-toka, ya yi tauri, ka daina jin sa. A shiga ɗaki a sa a ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda gwiwar hannu za ta iya jurewa, kada a murza, kada a kara a jikin hita, idan ya yi ƙuraje masu ruwa ko jin bai dawo ba a tafi asibiti. Wanda kuma ya fara rawar sanyi ba ƙaƙƙautawa, magana na harɗewa, yana neman barci, wannan na 911 ne kai tsaye.

A cikin gida akwai abu ɗaya da nake roƙon 'yan'uwa da girman Allah: al'adarmu ta kunna gawayi a kasko a ɗaki lokacin hunturu a bar ta can ƙasarmu, kada a yi ta a nan. Gidajen nan a toshe suke ruf, iskar guba ta gawayi ba ta da wari ba ta da launi, haka kunna murhun gas don ɗumama ɗaki ko janareta a gareji. A tabbata akwai na'urar gano wannan iska kuma batirinta na aiki. Idan za ka yi tafiya kada ka kashe hita gaba ɗaya don tsimin kuɗi, bar ta a wajen 55 nasu ko sama, in ba haka ba bututun ruwa ya daskare ya fashe kuma kai mai gida zai bi. Wanda kuɗin wuta ya yi wa nauyi ya nemi shirin tallafin ɗumama gida na LIHEAP ya ga ko ya cancanta. Iskar ɗaki tana bushewa sosai har hanci ya yi jini, man kaɗanya ko basilin da na'urar sa danshi suna taimakawa. Sai gajartar yini, a ƙarshen Disamba hasken rana wajen awa 8 da rabi ne kawai, magariba na yi tun biyar saura, Azahar da La'asar da Magariba duk suna iya samun ka a wurin aiki ko aji, sai a tsara tun da wuri.

Saura batun hasashen dukan hunturu, wanda mutane ke tura wa juna a WhatsApp tun Oktoba. Cibiyar hasashen dogon zango ta NOAA, hukumar teku da yanayi ta Amurka, ce ke fitar da shi, tana sabuntawa duk wata, kuma abin da taswirar ke faɗa ba shi ne "bana za a yi sanyi" ba. Sun raba yiwuwa gida uku, sama da yadda aka saba, daidai, ko ƙasa, kowanne yana farawa da kusan kashi 33 cikin 100, to idan ka ga an shafa wa Dakota shuɗi an rubuta 40, ɗan rinjaye ne kawai zuwa ɓangaren sanyi. Abin da suka fi dubawa shi ne ruwan tekun Fasifik, shekarar da ruwan ya fi yadda aka saba sanyi, wato La Niña, yankin nan ya fi karkata ga sanyi, shekarar da ya fi ɗumi, wato El Niño, ga sauƙi, kamar hunturun 2023 zuwa 2024 da ya zo da laushi ƙwarai. Amma ko a shekara mai sauƙi mako ɗaya na -30 yana iya faɗowa, saboda haka wannan hasashen amfaninsa kasafin kuɗin hita ne da sayen taya, shawarar tafiya birnin Minneapolis na Minisota ranar Asabar kuwa sai hasashen kwana biyu zuwa uku, wanda ya wuce mako guda ka ɗauke shi a matsayin jita-jita.

Daga ƙarshen Janairu kuma ofishin Grand Forks yana fara fitar da hasashen ambaliya, kuma ya kamata mai zama kusa da kogi ko a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya riƙa bi. Red River arewa yake gangarawa zuwa Kanada, kudu ke fara narkewa alhali gaba a daskare yake, ruwan ya rasa hanya ya bazu a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Hunturun 1996 zuwa 1997 an samu dusa inci 117 a Fargo, da bazara ruwa ya cinye Grand Forks aka kwashe kusan duk garin, a 2009 kuma kogin ya haura ƙafa 40 a Fargo, mafi tsayi a tarihinsa. Inshorar haya ta yau da kullum yawanci ba ta biyan ɓarnar ambaliya, ta daban ake yi, kuma sai ta yi kwana 30 da saye kafin ta fara aiki, don haka mai buƙata ya yi tun Fabrairu.