Yadda Ɗalibi Zai Haɗa Gajeren Fim da Wayar Hannu da Kwamfuta

Ɗalibin da ke nazarin kafafen yaɗa labarai, idan aka ɗora masa aikin haɗa gajeren fim, abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne inda zai samo babbar kyamara. A ganina ba nan damuwar ta kamata ta tsaya ba. Wayar hannu mai ɗaukar bidiyo a ma'aunin kyan hoto na 1080p ta isa ta fitar da fim na minti biyar ko goma. Abin da ya fi lalata aikin ɗalibai shi ne sautin da ba a jin sa da kyau, da fayilolin da suka ɓace ko suka cakuɗe, da kuma saitin da aka bar wa na'ura ta zaɓa da kanta.

Mataki na farko: san abin da aka nema, sannan ka rubuta

Kafin ka taɓa kowace na'ura, karanta ƙa'idojin da malami ya bayar, ka tabbatar da tsawon fim ɗin, da irin fayil ɗin da za a karɓa, da ranar miƙawa, da ko ana son rahoto a rubuce tare da shi. Daga nan sai rubutun labari. A tsarin rubutun fim da aka saba da shi, shafi ɗaya yakan tashi kimanin minti ɗaya a allo, don haka mai fim na minti bakwai da ya ga rubutunsa ya kai shafi goma sha biyar, ya san tun yanzu akwai abin ragewa. Idan aikin na rukuni ne, a ajiye rubutun wuri ɗaya da kowa zai iya buɗewa, kamar Google Docs, domin kada kowa ya zo wurin ɗauka da nasa kwafi daban.

Sannan ka jera duk hotunan da za a ɗauka a kowace fitowa: wanne ne daga nesa, wanne ne daga kusa, ina kyamara za ta tsaya. Wanda bai iya zane ba, sai ya je wurin da abokan aikinsa, ya tsayar da su inda 'yan wasa za su tsaya, ya ɗauke su hoto da waya, ya jera hotunan bi da bi. Ka adana duk wannan, domin shi ne shaidar yadda ka yi tunani idan aka zo ba da maki.

Mataki na biyu: daidaita kyamara da hannunka

A kwantar da wayar a kwance, sai dai idan an ce fim ɗin na tsaye ne. Ma'aunin 1080p yana nufin hoton ya ƙunshi ƙananan ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsayi. Na 4K kuwa, wato 3840 da 2160, ya ninka shi sau huɗu a yawan ɗigo, yana cinye ma'ajiya, yana kuma wahalar da kwamfutar da ba ta da ƙarfi lokacin tacewa. Ban ga dalilin da zai sa ɗalibi ya jawo wa kansa wannan nauyi ba idan ba a nema ba.

Yawan hotunan da kyamara ke ɗauka a daƙiƙa ɗaya yana buƙatar lura. Finafinan silima suna tafiya ne a kan 24. Amma a ƙasashen da wutar lantarkinsu ke kan 50 Hz, wato tana jujjuyawa sau 50 a daƙiƙa, kamar mafi yawan Afirka da Turai, 25 ta fi dacewa idan za a yi ɗauka a ƙarƙashin fitilar lantarki, domin tana rage walƙiyar da kan bayyana a hoto. Inda wutar ke kan 60 Hz, kamar Amurka, 30 ce ta dace. Idan ka zaɓi 25, ka sa saurin ƙiftawar kyamara, wato tsawon lokacin da take barin haske ya shiga a kowane hoto, a kan 1/50 na daƙiƙa, domin motsi ya fito yadda ido ya saba gani. Duk yawan hotunan da ka zaɓa, dole kowace waya da za a yi aiki da ita ta kasance a kansa daga farko har ƙarshe.

Ka kulle haske, da inda kyamara ta mai da hankali, da ma'aunin launin fari, don kada hoto ya riƙa sauyawa a tsakiyar magana. Idan manhajar da ta zo da wayar ba ta ba da wannan damar ba, akwai na kyauta irin su Open Camera a Android da Blackmagic Camera. Goge gilashin kyamara, sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse ɗauka, kuma idan kana son kusanci ka matsa da ƙafarka maimakon jawo hoto da yatsa, domin jawowar takan rage masa kyau.

Mataki na uku: ba sauti haƙƙinsa

Nan ne ya kamata a fi tsayawa. Mai kallo yakan haƙura da hoton da bai cika kyau ba, amma da zarar ya kasa jin abin da ake faɗa, hankalinsa ya bar fim ɗin. Makirufon da ke jikin waya yana kama duk abin da ke kewaye da shi, kuma idan wayar tana nesa da mai magana, hayaniya da amsa-kuwwa za su rinjayi muryarsa. Maganin wannan shi ne kusantar da makirufo ga baki: ko dai ƙaramin da ake maƙalawa a riga, ko kuma waya ta biyu da za a ɓoye kusa da ɗan wasa tana naɗar sauti kaɗai. A sa naɗin a kan 48 kHz, wanda shi ne ma'aunin da aka saba a aikin bidiyo, kuma a lura ƙarfin murya ya riƙa tsayawa wajen -12 dB a ma'aunin ƙarfin sauti na manhajar naɗi, domin sautin da ya kai 0 ya fashe da wuya a gyara shi daga baya.

A ware mutum ɗaya da zai sa abin saurare a kunne, ba shi da wani aiki sai wannan, kuma a ba shi ikon tsayar da ɗauka idan ya ji ƙarar mota ko fanka ko iska. A farkon kowace ɗauka, wani ya faɗi lambar fitowa, sannan ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara. Wannan tafin ne za ka gani a hoto ka kuma gani a zanen sautin da manhajar tacewa ke nunawa, ka haɗa su daidai. Kafin a bar kowane wuri, kowa ya yi shiru na daƙiƙa 30 a naɗi sautin wurin shi kaɗai. Da shi za ka cike giɓin da ke tsakanin maganganu, don kada a ji sauti ya yanke tsit.

Mataki na huɗu: ranar ɗauka

Dasa wayar a kan ƙafar kyamara ko wani abu da ba ya motsi. Hasken taga ya isa, muddin yana faɗa wa fuskar ɗan wasa ne, ba daga bayansa yake fitowa ba. Idan mutum biyu na zance, ka ƙaddara akwai layi tsakaninsu, ka tsaya a gefe ɗaya na layin, in ba haka ba za su fito kamar suna kallon waje guda. Duk wanda fuskarsa ko muryarsa za ta fito, a nemi amincewarsa a rubuce, yara kuma sai da yardar iyayensu, haka nan masu wurin da aka yi ɗaukar.

Mataki na biyar: adana aikin a ranar da aka yi shi

Kada a kwana da fayiloli a waya ɗaya. Ƙa'idar da masu aikin suka sani ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban, misali a Google Drive. A ba kowane fayil suna mai ɗauke da kwanan wata da lambar fitowa da lambar ɗauka, kuma kada a goge komai daga waya sai an buɗe kwafin an ga yana aiki.

Mataki na shida: tacewa

Cikin manhajojin tace bidiyo, DaVinci Resolve yana da na kyauta mai ƙarfi sosai, sai dai yana son kwamfuta mai ƙwari. Shotcut da Kdenlive sun fi sauƙi, su ma kyauta ne, Audacity kuma yana taimakawa wajen gyaran sauti. Akwai wata matsala da ɗalibai da yawa ba sa gane tushenta: wayoyi sukan sauya yawan hotuna a daƙiƙa suna cikin ɗauka, sai ka ga baki da murya sun fara tare amma sun rabu a gaba. Idan haka ta faru, bi da fayil ɗin ta manhajar HandBrake ka mai da shi tsayayyen adadi kafin ka ci gaba.

Fara da jera fitowa bisa labari ba tare da wata ƙawa ba. Ka kalla, ka rage, ka nuna wa wanda bai san labarin ba, ka tambaye shi abin da ya fahimta. Sai labarin ya zauna sannan ka daidaita sauti, launi kuma ya zo daga ƙarshe. Kiɗan da ba naka ba kada ka saka sai da izini; akwai masu lasisin Creative Commons, wanda ke ba jama'a damar amfani da su kyauta, amma kowanne da sharaɗinsa, kuma mafi yawansu suna buƙatar a ambaci mai shi. Idan ka yi amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira wajen rubuta maganganu a ƙasan allo ko tsabtace sauti, ka duba ko makarantarka ta yarda, ka bayyana hakan a rahotonka, ka kuma bi rubutun layi-layi, domin takan yi kuskure sosai a sunaye da harsunan da ba ta ƙware a kansu ba.

Mataki na bakwai: fitarwa da miƙawa

Idan ba a fayyace wani tsari ba, fitar da fim ɗin a matsayin fayil ɗin MP4 da tsarin matse bidiyo na H.264, a ma'auni da yawan hotunan da ka yi ɗauka da su. Ka kalle shi daga farko har ƙarshe a kwamfuta, da waya, da kuma babban allo idan zai samu, kana sauraro da lasifika da kuma abin kunne. Duba rubutun sunayen duk waɗanda suka yi aiki. Ka loda fayil ɗin aƙalla kwana ɗaya kafin cikar wa'adi, sannan ka roƙi wani ya buɗe shi daga tasa na'urar ya tabbatar maka hoto da sauti sun iso lafiya.