Yadda al'umma za ta kare haƙƙinta idan aikin wutar sola ya biyo ta gonakinta

Jihar Katsina tana da rana da iska da faɗin ƙasa, kuma su ne abubuwan da masu zuba jari a wutar lantarki mai tsafta suke nema. Tashar Lambar Rimi mai aiki da iska, wadda aka tsara ta ba da megawat 10, ta riga ta nuna cewa irin wannan aiki yana cin fili mai yawa, fili kuwa a ƙasarmu da wuya a same shi babu mai nomansa ko mai kiwo a cikinsa. Tun da Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara harkar wutarsu da kansu, ya kamata mutanen karkara su san abin da za su yi ranar da suka ga 'yan safiyo suna kafa turaku a bayan gari.

Tambayar farko da za a yi wa duk wanda ya zo ita ce ko kamfani ne zai sayi filin ko ya yi hayarsa, ko kuwa gwamnati ce za ta karɓe shi, domin hukuncin ya bambanta. Idan ciniki ne da kamfani, mai gona yana da ikon ya yi tayi, ya ƙi, ko ya zaɓi haya ta shekaru maimakon sayarwa. Idan kuwa gwamnati ce, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon soke haƙƙin mallaka saboda maslahar jama'a, amma sashe na 28 ya shardanta cewa sai jami'in da aka ba izini ya sa hannu a takarda, an kuma isar da sanarwar ga mai filin. Shelar da aka yi a ƙofar fadar hakimi ko bayan sallar Juma'a ba ta tsaya a matsayin wannan takarda ba. Rashin takardar shaidar mallaka kuma bai kore haƙƙin mutum ba, domin sashe na 36 ya amince da gonakin karkara da mutane suke riƙe da su bisa al'ada tun kafin dokar.

Batun diyya shi ne wurin da aka fi cutuwa, saboda mutane da yawa suna zaton kuɗin ƙasar za a biya su. Sashe na 29 yana magana ne a kan abin da aka raya a kan ƙasar, wato gini da shuka da itatuwa da makamantansu. Saboda haka, tun kafin masu ƙiyasi su iso, kowane mai gona ya zagaya gonarsa tare da mai unguwa da maƙwabtansa na iyaka, a ƙirga ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo da mangwaro ɗaya bayan ɗaya, a rubuta rijiya da rumbu da shinge, a ɗauki hoto da waya, kowa ya sa hannu a takardar da kwanan wata. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai idan ƙiyasin ya faɗo da rani, lokacin da an girbe gero da wake, gonar da ta ciyar da gida shekara guda ta koma kamar fako a idon baƙo. A ranar ƙiyasin mai gona ya tsaya da kansa, kuma kada ya dangwala yatsa a kan fom ɗin da ba a cike ba ko wanda ba a karanta masa ba.

A tabbatar sunan kowa ya shiga. Dokar ta ambaci mai riƙe da fili da kuma wanda yake amfani da shi, don haka wanda yake noma gonar aro ko ta jingina ko ta haya yana da abin faɗa a kan shukarsa. Matan da rabonsu na gado yake cikin gandun da ba a raba ba su ne aka fi mantawa da su, kuma gyaran wannan bayan an biya kuɗi a hannun babban wa yana da wuya. Akwai kuma tanadin da ba a cika ambata ba a sashe na 6, cewa idan gonar da aka karɓa ta haƙƙin al'ada ce da ake nomawa, ƙaramar hukuma za ta ba mai ita wani filin noman. A nemi wannan a rubuce. Wanda bai gamsu da adadin diyya ba yana iya kai ƙorafi gaban kwamitin rabon filaye na jiha, sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 kuma ya tanadi biyan diyya ba tare da jinkiri ba da damar zuwa kotu.

Ƙofa ta biyu ita ce ta muhalli. Dokar tantance tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992 ta wajabta wa manyan ayyuka su yi bincike kafin a fara, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya kuma takan baje rahoton na kwanakin aiki 21 a wurare kamar sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha, domin jama'a su duba su faɗi ra'ayinsu. Rahoton yakan zo da kauri kuma da Turanci, shi ya sa ake wuce shi. A wakilta malamin makaranta ko wani ɗan gari da ya yi karatu ya je ya duba abubuwa kaɗan: girman filin, adadin itatuwan da za a sare da waɗanda za a dasa, ko shingen tashar zai datse burtali ko hanyar mashaya, da kuma inda za a samo ruwan wanke farantan sola a garin da rijiya takan ƙafe kafin damina. Katsina tana cikin jihohi 11 da ke gaba wajen fuskantar kwararowar hamada, don haka sare itace a nan ba ƙaramin abu ba ne ko da sunan makamashi mai tsafta aka yi shi. A rubuta ƙorafin kafin wa'adin ya cika, a haɗa da makiyaya a ciki, a kuma karɓi kofe mai hatimin ofishin da ya amsa.

Idan an hana bayani, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ma'aikatar tarayya kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata. Ƙorafin gurɓata muhalli yana zuwa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, na zaluncin ofis kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ba ta karɓar kuɗi. Idan magana ta nufi kotu, a ga lauya da wuri, domin wasu ƙararraki suna da ƙayyadadden lokaci.

Alkawuran da akan yi a taron gari, na ɗaukar matasa aiki da gina rijiyar burtsatse da ba garin wuta, sai an sa su cikin yarjejeniya kafin su zama abin riƙo. A rubuta ko matasa nawa ne za a ɗauka, da ranar da wuta za ta shiga asibiti da makaranta, da farashinta, da wanda zai kwashe matattun batura da fasassun faranti, da halin da za a mayar da filin idan wa'adin haya ya ƙare. A yi yarjejeniyar da Hausa da Turanci, wakilan manoma da makiyaya da mata su sa hannu tare da dagaci, a ajiye kofe ɗaya a ofishin hakimi, ɗaya a ƙaramar hukuma, ɗaya kuma a hannun kwamitin gari.