Yadda ake ɗaure kare a mota ba tare da ka shaƙe shi ba

Duk ranar da na kai karena allura asibitin dabbobi na jami'ar ABU a Samaru da ke Zariya sai na ga abin da zai ɓata min rai tun a wajen ajiye motoci. Wannan ya buɗe but ya fito da kare yana haki harshe a waje kamar ransa zai fita, wancan ya ɗaure nashi da sarƙa a wuya a bayan a-kori-kura, wani kuma ya sa shi a kujerar gaba kai a waje tun daga PZ har Samaru wai yana shan iska. Ba wai na fi su ba ne fa, nawa kuskuren ma ya fi nasu muni, zan zo kansa. Ba zan tsaya koya maka yadda ake riƙe kare ko saka masa igiya ba, in har kana da kare a gida na gadi ko na farauta ai ka wuce nan.

Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne nauyi. In mota tana gudun kilomita 50 a awa ta daki abu ta tsaya cak, duk abin da ba a ɗaure ba a cikinta zai ci gaba da tafiya da wannan gudun, kuma bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, ka ce bene mai hawa uku. In gudun ya kai 100 irin wanda ake yi a hanyar Kaduna ko ta Kano, to bugun ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne. Babban karen 'yan sanda namiji yana kai kilo 30 zuwa 40, buhun siminti kilo 50 ne, ka ga ya fi rabin buhun siminti kenan yake zaune a bayan ƙeyarka babu abin da ya riƙe shi. Kuma ba sai an yi karo ba, birki ɗaya mai ƙarfi saboda wani mai Keke Napep ya shigo maka ba zato ya isa ya wurgo karen tsakanin kujeru ya faɗo kan giya ko ƙarƙashin ƙafarka. A Ingila har cikin ƙa'idojin hanya suka saka shi, ƙa'ida ta 57, cewa dole a ɗaure kare yadda ba zai ɗauke hankalin direba ba. Mu nan ba wanda zai tare ka ya tambaye ka, sai dai ka yi wa kanka faɗa.

To abu na farko, ka yanke shawara tsakanin keji da ɗamarar ƙirji, wato bel ɗin da ake ɗaura wa kare a ƙirji da kafaɗu maimakon wuya. Ni a wajena keji ne, ba na ma jayayya a kai, in dai motarka za ta ɗauka to keji. Ɗamara ta mai ƙaramar mota ce wanda ba shi da yadda zai yi.

Ba sai ka yi odar keji daga waje ba, masu walda a Sabon Gari za su haɗa maka, amma kar ka je ka ce musu kawai "a yi min kejin kare" don za su yi maka irin na tsakar gida, ƙato mai nauyin bala'i da ba zai shiga mota ba. Ka auna karen da kanka, daga kan hanci zuwa gindin bindi ka ƙara kamar inci 4, daga ƙasa zuwa saman kai yana tsaye ka ƙara inci 4. Ya iya tsayawa, ya iya juyawa, ya iya kwanciya, shi kenan. Tausayi yana sa mutane su ƙara girma sosai, alhali duk filin da ka ƙara fili ne da zai yi ta gwaruwa a ciki in ka taka birki. Ka ce wa mai waldar ya goge duk wani tsini, ya matse rodin yadda ƙafa ko baki ba zai maƙale a tsakani ba, ya sa sakata biyu sama da ƙasa, sannan ya yi maka kunnuwan ƙarfe a kusurwa huɗu inda za ka zura igiya. Ƙasan kuma katako, kar ka yarda da farantin ƙarfe, yana santsi kuma in rana ta buga shi ƙona tafin ƙafa yake. Kuɗin ƙarfe kullum tashi yake don haka in ka ci karo da kejin roba na gwanjo mai kyau wanda ƙofarsa ba ta lanƙwashe ba, ka saya kawai, ya fi sauƙin ɗauka ma.

Kejin da ba a ɗaure ba, ka ƙara wa abin da zai doke ka nauyi ne kawai. A Sienna ko Sharon ko Golf wagon, ka tura shi ya jingina da bayan kujerar baya har babu tsakani, ka ɗaure da bel ɗin ɗaure kaya mai ƙugiya wanda ake tamkewa da hannun ƙarfe, guda biyu. Robar tif da muke ɗaure kaya da ita a mashin ba ta yi ba, miƙewa take. In ka gama ka kama kejin ka jijjiga da ƙarfinka, in motar ce ta motsa to ya yi, in kejin ne ya motsa sake ɗauri. A bayan Hilux kuwa ka kai shi can jikin kan motar, ka rufa tampol a sama don inuwa amma ka bar gefe a buɗe iska na shiga.

But ɗin ƙaramar mota kam a'a, ko tafiyar minti goma ce. Na san dalilin da ya sa ake yi, ba a son gashi da yawu su taɓa kujera mutum ya zauna da kayan da zai yi salla, wasu kuma uwargida ce ta ce kare ba zai shiga inda yaranta ke zama ba. Ka samu tsohon tampol ko bargo ka rufe kujerar baya gaba ɗaya, in kun dawo ka cire ka wanke, magana ta ƙare. But babu iska, zafi ne zalla, ga hayaƙin salansa da ke iya shiga in motar ta tsufa, kuma in aka buge ka ta baya wajen ne yake fara lotsewa.

Yanzu ga inda ni na faɗi. Na ari a-kori-kurar wani abokina zan kai karen allurar haukan kare ta shekara, ba ni da keji lokacin, sai na ɗaura igiya a abin wuyansa na ɗaure a ƙarfen baya, kuma saboda tausayi na bar igiyar da ɗan tsawo wai ya samu ya zagaya. Muna cikin cunkoso a Kwangila ana tafiya kaɗan-kaɗan, ban san me ya gani ba, akuya ce ko wani karen, sai ya yi tsalle ta gefe. Igiyar ta isa ta bar shi ya tsallake amma ba ta isa ta kai shi ƙasa ba. Ni ina gaba ban ji komai ba, sai wani mai Keke ne ya dinga dukan jikin motar yana ihu "Malam tsaya! Malam karenka!" Na fito na same shi yana reto a wuya, ƙafafun baya na kartar taya, idanu sun firfito. Wallahi da a buɗaɗɗiyar hanya ne wajen Shika da gudu, da gawa zan sauke. Ya yi kusan sati biyu yana tari in ya ci abinci, kuma ya daɗe in ya ji an tada mota sai ya shige ƙarƙashin tanki.

Kuskure biyu na yi a lokaci ɗaya, wuya da tsawon igiya, kuma su ne nake gani kullum a wajen mutane. Abin wuya na jan kare ne in kuna tafiya a ƙasa, a mota duk fizgar da za a yi maƙogwaro da ƙashin wuya za ta sauka. Sarƙar nan mai zargewa da wasu ke sa wa manyan karnuka ita ta fi kowacce muni don tana ƙara tsukewa in ya ja. Maganar tsawo kuma, mutane na ganin gajeren ɗauri zalunci ne, alhali dogon ne ke kashewa. In dole ta sa za ka ɗauki kare a bayan a-kori-kura babu keji, ka ja igiya mai kauri daga gefe ɗaya na bodin zuwa ɗayan kusa da kan motar, ka tamke ta sosai, ka yi ƙulli a tsakiya cif, daga wannan ƙullin ka haɗa gajeriyar igiya zuwa ɗamarar ƙirjinsa. Sai ka gwada kafin ka tashi, ka tsaya a gefe ka kira shi, ka koma ɗaya gefen ka kira shi. In ya iya ɗora ƙafafun gaba a bakin bodin to igiyar ta yi tsawo, rage. Ka sake gwadawa. Ni sai na gwada sau uku yanzu ko da an ce ina da naci. Mafarautan da ke loda karnuka biyar shida a bayan mota ɗaya, ku kuma kar ku haɗa su a ƙulli ɗaya, suna harɗewa ɗaya ya shaƙe ɗaya.

Ita ɗamarar, ka nemi mai faɗi a ƙirji da ɗinki mai kauri da zoben ƙarfe, ba mai maƙalin roba da ke cewa ƙas ba. In ka saka masa yatsunka biyu su iya shiga tsakaninta da jikinsa, in hannu duka ya shiga zai zare kansa ta baya, sun iya wannan sosai. A cikin mota kujerar baya zai zauna, ka zura bel ɗin kujerar ta madaukin da ke bayan ɗamarar ka danna shi a mazauninsa kamar yadda za ka yi wa mutum. Akwai 'yar igiyar nan mai araha da ake sayarwa a intanet wadda ake sokawa kai tsaye a ramin bel, ba na son ta, karen yana juyawa ya taka jan maɓallin ta ɓalle kai ba ka sani ba. Kuma kar rubutun jikin kwali ya ruɗe ka. A 2013 wata cibiya a Amurka mai suna Center for Pet Safety tare da kamfanin Subaru sun yi gwajin karo da irin waɗannan ɗamarun, yawancinsu ba su riƙe yadda ake tallar su ba. Shi ya sa na ce keji tun farko. Amma ko ɗamara mai rauni tana hana shi hawa kanka kana tuƙi, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Kujerar gaba ban yarda ba ko an ɗaure, balan-balan ɗin kariya da ke fashewa lokacin karo don ƙirjin babban mutum aka yi shi. Ka kunna makullin yara a ƙofofin baya, ka kulle maɓallin gilas daga wajenka don suna takawa gilas ya sauka. Ka bar gilas a buɗe kamar faɗin yatsu uku, hanci ya fita amma kai kar ya fita, musamman lokacin hunturu da ƙura ko in kana bin bayan tifa.

Kar ranar tafiya ta zama ranar da ya fara ganin keji. Ka ajiye shi a tsakar gida ƙofa a buɗe kwana uku huɗu kana zuba masa abinci a ciki, sannan ka saka shi a mota a tsaye, sannan zagayen unguwa. Abinci kuma ka tsayar awa 3 kafin tashi in ba haka ba za ka wanke amai, ruwa dai a ba shi.

Zafi, kare ba ya gumi irin namu da haki yake sanyaya jiki, kuma watan Maris da Afrilu a Zariya ka san yadda ake ciki. Ka fita da sassafe. Kar ka bar shi a mota a kulle ka ce bari in shiga masallaci ko banki in fito, ko gilas a ɗan buɗe yake. In mai cizo ne ka sa masa takunkumi mai kama da kwando da zai iya buɗe baki ya yi haki, ba ɗaure baki da tsumma ba. Maganin barci na mutane ko tiramol don ya yi shiru, kar ka soma, in yana firgita sosai ka gaya wa likitan dabbobi ya rubuta abin da ya dace da nauyinsa.

Tafiya mai nisa kamar Abuja ka tsaya duk bayan awa 2 ya sha ruwa ya yi fitsari, nesa da kwalta. Katin allurarsa ya kasance a motar. In kun isa kuma ka fara maƙala igiyar jan sa tukuna kana riƙe da ita kafin ka zare sakata ko ka ɓalle bel, kuma ta ƙofar da ke gefen kwata za ka fito da shi, ba ta gefen titi ba.