Yadda ake cin moriyar jarrabawar gwaji kafin neman gurbin digiri na biyu

Wanda ya gama bautar ƙasa ya ɗaura niyyar ƙaro karatu yakan tarar da jarrabawa a bakin ƙofa. Wasu sassan jami'o'in ƙasar nan sai sun tantance masu nema a rubuce. Likitan da ke son horon ƙwarewa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke Bauchi, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, sai ya ci jarrabawar matakin farko ta kwalejin ƙwararrun likitoci. Mai neman wasu jami'o'in Amurka kuma GRE ce a gabansa, wato jarrabawar Turanci da lissafi da insha'i da ake tantance masu neman digiri na biyu da ita. Gurbi kaɗan, masu nema da yawa, kuma kusan kowa ya yi karatu. Abin da yakan raba su shi ne wanda ya saba da zaman jarrabawar, ya kuma san ramukan da yake yawan faɗawa.

Yawancin ɗalibai suna ɗaukar jarrabawar gwaji, wadda suke kira mok, kamar sikeli: a hau, a ga maki, a yi murna ko a ɓata rai, a sauka. Makin nan shi ne mafi ƙarancin amfani a cikin duk abin da gwaji yake bayarwa. Amfanin yana cikin zaman da za ka yi bayan ka gama.

Ka yi gwajin farko tun kafin ka fara karatu gadan-gadan, ko da saura wata uku. Mutane sukan ce sai sun gama manhajar tukuna, ranar gamawar kuwa ba ta zuwa. Makin farko zai yi muni, babu komai, aikinsa kawai ya nuna maka inda za ka zuba ƙarfinka. Akwai kuma wani dalili. A 2006 masana biyu, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka yi ta maimaita karatun, wasu kuma aka ɗauke takardar aka ce su rubuto abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Da aka dawo bayan mako guda, waɗanda suka wahala wajen tunowa suka wuce su. Wato ƙoƙarin zaƙulo amsa daga kai shi kansa karatu ne, kuma ya fi zama.

Gwajin da ba a yi shi yadda za a yi ta gaskiya ba, yaudarar kai ne. Ɗauki GRE a misali, tunda tsarinta a bayyane yake. Daga watan Satumba na 2023 an rage tsawonta zuwa awa 1 da minti 58: insha'i guda a minti 30, sashen Turanci biyu (tambaya 12 a minti 18, sai 15 a minti 23), sashen lissafi biyu (12 a minti 21, sai 15 a minti 26). Babu hutu a tsakani. To haka za ka zauna, a kan kujera da tebur, da kwamfuta da linzaminta, da farar takarda da fensir, ba tashi shan ruwa, ba tsayar da agogo. Kada ka yi gwaji a wayar hannu kana kishingiɗe. Karanta dogon sakin layi a fuskar kwamfuta da amfani da ƙaramar kalkuletar da ke jikin shafin abubuwa ne da hannu da ido suke buƙatar sabawa da su. Idan ba ka da kwamfuta, yi magana da wata cibiyar da ake zana JAMB ko shagon kwamfuta na unguwa, ka biya kuɗin awa biyu da rabi a lokacin da babu cunkoso.

A nan garuruwanmu akwai abubuwa uku da suke ɓata gwaji: wuta, zafi da mutane. Cika cajin kwamfutar tun dare, ka tabbatar da data, domin gwajin intanet da ya yanke a tsakiya ya tashi a banza. A watan Maris da Afrilu kada ka ajiye gwaji ƙarfe biyu na rana a ɗakin kwano, sai fa idan a wannan lokacin za a yi ta gaskiyar. Duba lokacin salla kafin ka fara don kada ka katse. Sanar da mutanen gida cewa ba ka nan, ka kashe waya ka bar ta a wani ɗakin. Matar aure mai ƙananan yara gara ta nemi wanda zai riƙe mata su na awa uku ta tafi ɗakin karatu, ya fi mata gwaji biyar da aka yi ana kiran Mama.

Kana cikin gwajin, ka riƙa sa 'yar alama a takardarka gefen lambar kowace tambaya: ɗigo idan ka tabbata, alamar tambaya idan kana shakka, gicciye idan canka ka yi. Daƙiƙa guda ce, amma ita za ta tona asirin makin. Ɗalibi yakan ci 19 cikin 27 ya yi ta fara'a, alhali biyar daga ciki canki-canka ne ya faɗa daidai. Saninsa na gaskiya 14 ne, kuma sa'a ba ta da alkawari.

Bitar gwaji tana cin ninki biyu na lokacin gwajin kansa, wani lokaci fiye. Huta tukuna, ka dawo da yamma ko washegari. Kada ka buɗe bayanin amsa nan take. Sake gwada duk tambayar da ka faɗi ko ka canka, ba agogo. Idan ka warware ta yanzu, matsalarka gaggawa ce ko ruɗewa. Idan har yanzu ta gagara, akwai abin da ba ka sani ba. Maganin waɗannan biyun daban yake, kuma wanda ya haɗa su zai ɓata mako yana karanta babin da ya riga ya iya.

Sayi littafin rubutu mai ganye 60 ka keɓe shi don kurakurai kaɗai. Kowace tambaya layinta: daga wane gwaji, wane fanni, me ka zaɓa, me ya sa, me za ka yi gaba. Kada ka rubuta "ganganci" ka wuce, wannan kalma ba ta gyara komai. Ga misali. An ce buhun masara yana naira 50,000, farashi ya hau da kashi 20 cikin ɗari, daga baya ya sauka da kashi 20 cikin ɗari, nawa ne yanzu? Ka zaɓi 50,000. Daidai shi ne 48,000, domin hawan ya kai shi 60,000, saukar kuma daga 60,000 ake lissafa ta, wato 12,000. Abin da za ka rubuta shi ne: "Na lissafa kashi na biyu daga tsohon farashi. Duk sanda kashi ya biyo kashi, in fara rubuta sabon adadin." Haka idan ka tsallake kalmar NOT ko EXCEPT a tambayar Turanci ko ta likitanci, rubuta cewa daga yau za ka kwafe kalmar a takardarka kafin ka dubi zaɓin. Bayan kwana uku ka sake warware tambayoyin littafin, bayan mako ka sake. Da ka yi gwaji uku ko huɗu za ka ga kurakuranka ba su da yawa, iri huɗu ne ko biyar suke canza riga.

Batun lokaci lissafi ne. Tambaya 12 a minti 21 tana nufin minti 1 da daƙiƙa 45 kowace. Ba za ka iya duba agogo a kowace tambaya ba, don haka kafa shinge guda: idan an ci minti 10, ya kamata kana ta shida. Tambayar da ta kai minti biyu ba ka ga hanya ba, zaɓi wani abu, sa mata alamar dawowa, ka wuce, tunda GRE tana barin ka koma baya a cikin sashe. Masu ƙoƙari ne suka fi faɗawa wannan rami, don zuciya ba ta barin su sakin tambaya, sai su kashe minti biyar a kan maki ɗaya su bar masu sauƙi uku a ƙarshe. Ka sani kuma a GRE yadda ka yi a sashen farko na Turanci ko na lissafi shi ke yanke wahalar na biyunsa, kuma na biyu mai wuya shi ke buɗe hanyar babban maki a ma'aunin 130 zuwa 170. Gwajin takarda ba ya iya kwaikwayon wannan.

Kafin ka canka, san dokar jarrabawarka. GRE ba ta cire maki kan amsar kuskure, saboda haka barin gurbi asara ce tsantsa. Inda ake cire sulusin maki a tambaya mai zaɓi huɗu, cankar ido rufe ba riba ba asara, amma da ka iya soke zaɓi ɗaya da tabbaci, lissafi ya koma wajenka. A gwaji ake koyon wannan hali, ba a zauren jarrabawa ba.

Gwaji nawa? A mako 12, bakwai ko takwas sun wadatar: ɗaya a farko, ɗaya duk mako biyu, sannan kowane mako a watan ƙarshe. Masu yin gwaji kullum gajiya kawai suke tarawa, don babu lokacin gyara a tsakani. Na hukumar da ke shirya jarrabawar su ne mafi kusa da gaskiya, kamar POWERPREP, gwajin da ETS mai shirya GRE take bayarwa, wanda akwai na kyauta a cikinsa, don haka kada ka ƙone su a makon farko, ajiye ɗaya don ƙarshe. Tsofaffin tambayoyin da ke yawo a WhatsApp suna da amfani wajen sanin salon masu tambaya, amma amsoshinsu sukan zo da kuskure, wasu ma na tsohon tsari ne. Duk amsar da ta saɓa wa littafin da ka amince da shi, bi littafin. Kada kuma ka auna kanka da gwajin da ka taɓa yi, ko da maki ɗaya mai daɗi. Haɗa makin gwaji uku na ƙarshe ka raba uku, can ne kake. Insha'i kuwa ba ka iya yi wa kanka hukunci, ku yi musaya da abokin karatu, kuma ka buga shi a kwamfuta cikin minti 30, domin mai buga haruffa da yatsa biyu yakan ƙare da rabin tunaninsa bai sauka ba.

Gwajin ƙarshe ya kasance saura kwana biyar ko shida, a daidai sa'ar da aka ba ka. Daga nan sai bitar littafin kurakurai da barci a kan lokaci. Duba cewa sunan da ke katin shaidarka ya yi daidai harafi da harafi da wanda ka yi rajista da shi, musamman masu Muhammad da Mohammed a takardu daban-daban. Idan cibiyar tana wani gari, kamar Abuja ko Kano, tafi ana gobe, ka je ka ga ƙofar wurin da idonka kafin magariba.