Kod uku da ake fara jazz da su a jita

Mai fara koyon jazz ba ya buƙatar danne tsirkiya shida gaba ɗaya. Sauti uku sun wadatar a haɗa kod, wato sautukan da ake kaɗawa tare: tushen kod, wanda kod ɗin ke ɗaukar sunansa, sai sauti na uku da na bakwai daga tushen. Na ukun ne ke nuna ko kod ɗin babba ne ko ƙarami, na bakwai kuma shi ke ba shi ƙamshin jazz. Na biyar ana barinsa, don bai cika ƙara komai ba. Makaɗin jita Freddie Green, wanda ya shiga ƙungiyar jazz ta Count Basie a 1937 ya zauna har rasuwarsa a 1987, da irin wannan ƙarancin sauti ya yi suna.

Ɗaure jitarka yadda aka saba, daga tsirkiya mafi kauri zuwa mafi siranta, a kan waɗannan sautuka: E, A, D, G, B, E. Tsirkiya mafi kauri ita ce ta 6. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe a wuyan jita kuwa, mu kira shi gida.

Fara da Dm7. Ɗora yatsan zobe a tsirkiya ta 5 gida na 5, manuni a ta 4 gida na 3, ƙaramin yatsa a ta 3 gida na 5. Sai G7: manuni a ta 6 gida na 3, yatsan tsakiya a ta 4 gida na 3, na zobe a ta 3 gida na 4. Na ƙarshe Cmaj7: na tsakiya a ta 5 gida na 3, manuni a ta 4 gida na 2, ƙaramin a ta 3 gida na 4.

Wannan jerin shi ake kira ii-V-I, kuma kiɗan jazz da yawa ta nan yake bi. Kasa kunne ga tsirkiya ta 4 da ta 3 kaɗai. Daga Dm7 zuwa G7, F na nan daram, C ne ya sauka gida ɗaya ya koma B. Daga G7 zuwa Cmaj7 kuma B ya tsaya, F ya sauka zuwa E. Wannan ɗan saukowar ita kunne ke bi, shi ya sa sauyin ke zuwa sumul ba tare da hannu ya yi tsalle ba.

Inda aka fi samun matsala shi ne G7. Tsirkiya ta 5 tana tsakiya, kuma ba a son ta yi ƙara. Ɗan kwantar da manuni yadda cikinsa zai taɓa ta ba tare da dannawa ba, ta yi shiru. Tsirkiya ta 2 da ta 1 ma haka, yatsun da ke kusa su rufe musu baki. In ka ji zizar ƙarfe, yatsanka ya yi nisa da ƙarfen gaba; matso da shi dab da ƙarfen maimakon ƙara ƙarfi, don matsi da yawa gajiya kawai yake kawo wa babban yatsa.

Saita manhajar ƙidayar bugu a 60 a minti. Kowane kod bugu huɗu, duk ka kaɗa su zuwa ƙasa. Bayan kowane bugu sassauta hannun hagu sautin ya yanke, ka ɗan ƙarfafa na 2 da na 4. Kwata ɗaya na awa a kullum ya fi awa biyu ran Asabar.

In hannu ya saba, gwada jerin nan yadda zai ƙare a kod ɗin F: Gm7 duk a gida na 3 a tsirkiya ta 6, ta 4 da ta 3, C7 kamar Cmaj7 ne, sai dai ta 3 ta dawo gida na 3, Fmaj7 kuma ta 6 a gida na 1, ta 4 da ta 3 a gida na 2.