Yadda za ku tsara gidan gado da 'yan uwa ke sauka lokacin hutu ba tare da zumunci ya lalace ba

Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar mana gida a Ngaundare ta ƙasar Kamaru, ɗaki biyar da falo da rijiya a tsakar gida, ga mangwaro biyu da piya ɗaya, da kuɗin fataucin shanu ya gina shi bayan layin dogo ya iso garin a 1974 aka fara loda dabbobi a jirgin ƙasa zuwa kudu. Mu tara ya bari kuma yanzu babu mai zama a ciki, wasu suna Garwa, wasu Marwa, biyu a Duwala, autarmu tana aure a Njamena, ni kaɗai ce a garin ni ma ina gidan mijina. Sai muka ce kar a sayar, a bar shi kowa ya riƙa zuwa da yaransa in an yi hutun lakwal wato makaranta, ko sallah. Wallahi shekara biyun farko saura ƙiris gidan nan ya raba kanmu, kuma ba a kan wani babban abu ba, a kan tukunyar gas da aka bari wayam, a kan katifar da yaro ya jiƙa aka kife ta aka yi tafiya, a kan wa zai kwana a ɗakin Baba. Kowa yana jin haushi a ransa amma kunya ta hana a faɗa. Toh ga abin da muka yi har hankali ya kwanta, in kuna da irin gidan nan ku ɗauki wanda ya dace da ku.

Mataki na farko, ku zauna gaba ɗaya kafin a rubuta ko doka ɗaya. Gidan gado ba na babban wa ba ne shi kaɗai, kowane magaji yana da haƙƙi a ciki mace da namiji, in akwai maraya ƙarami a cikin magada ma abin ya fi nauyi. Mu sai da muka kira malami ya lissafa rabon kowa aka rubuta, sannan kowa da bakinsa ya ce ya yarda a bar gidan a haɗe. Dan Allah kar ku tsallake wannan, domin wanda aka yi wa shiru da haƙƙinsa yau shi ne zai fara ganin laifin kowa gobe. A zaman ne kuma za ku zaɓi mutum ɗaya mai riƙe makulli da littafi, wanda yake kusa da gidan kuma yake ɗaukar waya in an kira, ba sai babba ba, mu dai ni ce nake riƙe da su.

Na biyu, maganar wa zai zo yaushe. Nan ne rigima take. Ngaundare tana kan tudun Adamawa, tsayinta ya haura mita 1,000, shi ya sa a watan Maris da Afrilu lokacin da zafin Garwa da Marwa da Njamena yake wuce digiri 40 kowa nan yake marmarin gudowa, sannan ga babban hutun yara daga Yuni zuwa farkon Satumba, kowa wannan lokacin yake so. Abin da muka yi, muna da zauren WhatsApp na gida, duk mai son zuwa ya rubuta ranar isowa da ranar tafiya da yawan mutanen da zai zo da su, aƙalla sati uku kafin lokaci, ba wai ka kira ni kana tasha ka ce gani nan tafe da mutum goma sha ɗaya ba. A lokacin cunkoso ba wanda zai wuce sati biyu. Sallah kuwa juyawa muke, wanda ya samu manyan ɗakuna bana baɗi ya haƙura, kuma ku tuna sallah tana matsowa baya da kamar kwana 11 duk shekara, wataran za ta faɗo cikin hutun lakwal, to a wannan shekarar sai an ƙara haƙuri da juna. Ɗakin Baba mun ware shi na dattawa, in Goggo ko Baffa sun zo nasu ne ba sai an yi magana ba, in ba su nan babban wanda ya zo ya shiga.

Sannan mun hana abu ɗaya kwata-kwata, ba a ba aboki ko abokin kasuwa makulli ya je ya sauka shi kaɗai. In baƙonka ne ka zo da shi kana nan, ka tafi da shi.

Na uku kuɗi, kuma a nan nake so in daɗe don na ga yadda yake cin zumunci a ɓoye. Ku raba kuɗin gida kashi biyu. Akwai na gidan kansa, wato albashin mai gadi, gyaran kwano, kwasar masai, fenti, maganin gara, wannan kowane magaji yake biya duk wata ko ya zo ko bai zo ba tunda gidansa ne. Akwai kuma na abin da aka ci aka ƙone, wuta da ruwan famfo da gas da gawayi da sabulu, wannan wanda ya sauka shi zai biya. Da farko mun haɗa su wuri ɗaya sai ƙaninmu na Duwala da shekara uku bai taka garin ba ya ga yana biyan kuɗin wutar da wasu suka sha, bai ce komai ba sai kawai ya daina turowa, kuma in ka duba da gaskiyarsa. Yanzu kowa yana turo nasa ta Orange Money ko MoMo, hanyoyin tura kuɗi ta waya, kan lamba ɗaya, ni kuma duk ƙarshen wata in ɗauki hoton shafin littafin in saka a zaure, abin da ya shigo da abin da ya fita har na ƙusa, har sefa 500 da aka ba yaron da ya share magudanar ruwa. Mai riƙe kuɗin jama'a kar ya jira a tambaye shi lissafi, ya riga kowa kawowa. Wanda Allah bai hore masa ba a wani watan ya faɗa wa mai littafi a keɓe, ba a tona shi a zaure. 'Yan Chadi ba su da wahala don sefarmu ɗaya da su, amma dangin da ke zuwa daga Yola ko Mubi a faɗa musu tun da wuri su canza nairarsu, haka wanda ya zo daga Nijar, sefarsu ta yammacin Afirka daban take da tamu, mai shago ba zai karɓa ba.

Na huɗu, ku rubuta wa mai zuwa abin da zai taho da shi. Mutumin Marwa ba ya yarda akwai sanyi sai ya kwana ɗaya a nan cikin damina, yara su tashi da mura da tari. A zo da rigar sanyi da safa da bargo na yara, kowa ya zo da zanen gadonsa da tawul ɗinsa, gidan sauro muna da shi a kowane ɗaki amma a duba ko ya huje kafin dare don zazzaɓin sauro ba ya hutu. Katin shaida na kowane babba da takardun haihuwar yara su kasance a jakar hannu saboda shingayen hanya. Masu tahowa a jirgin ƙasa daga Yawunde tafiyar dare ce ta kilomita 622, da safe suke sauka, su sanar don a buɗe gidan tun ana gobe za su iso. Masu mota daga Garwa kuwa su yi sammako su hau dutsen nan na Falez da rana, ban son jin an ce sai bayan magariba za a taso.

Na biyar, ranar isowa. Gidan da ya yi wata biyu a rufe ba a faɗa masa haka kawai da yara a gaba. Babba ya fara shiga da tocila da sanda, a buɗe tagogi duka, a ɗaga katifu a leƙa ƙarƙashin gado da bayan randa da cikin takalman da aka bari, kunama da maciji irin wurin da suke so ke nan. Damina a nan doguwa ce, tun wajen Afrilu har Oktoba ana ruwa, don haka katifa tana yin hunhuna, in an samu rana a fitar a shanya. A buɗe famfo a bar ruwan farko ya zube. A duba murfin rijiya yana nan da kwaɗonsa, kuma ina roƙonku da Allah in an ɗebi ruwa a mayar da murfin a take, ba anjima ba, ni da idona na ga ɗan yayata mai shekara uku ya ɗora cikinsa a bakin rijiyar nan yana leƙen guga, ƙafafunsa sun bar ƙasa, uwarsa tana wanke-wanke ta ba shi baya, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Daga nan sai ka ɗauki hoton mitar wuta da ta ruwa ka tura a zaure, in ka tarar da wani abu a fashe ko a ɓace shi ma ka ɗauka ka tura kafin ka kwana, ba don a kama wani ba sai don kar a ɗora maka.

Kafin ka zauna cin abinci ka fita ka gaida maƙwabta. Su ne suke ganin gidan nan duk shekara, su ne suka kira ni cikin dare ranar da iska ta yaye kwanon kicin. Yawancinsu Fulatanci suke ji, ko ba ka iya ba ka koyi jam na wato gaisuwa da useko wato na gode, ka kai musu ɗan tsaraba ko sabulu ne ko dabino, ka leƙa masallacin unguwa a san ka zo.

Na shida, zaman kansa. Wutar arewacin Kamaru yawanci daga madatsar ruwa ta Lagdo take, in ruwa ya ja baya da rani ana yawan ɗaukewa, don haka kar a cika firji da nama kamar za a yi biki, a sayi na kwana biyu kasuwa tana kusa. Mitarmu ta kati ce, ka sayi wuta a waya su turo maka lamba 20 ka danna, kar ka jira sai ta fara ƙara cikin dare. Gas a rufe shi daga kan tukunyar duk bayan girki, in aka ji wari kar a kunna ashana kar a taɓa makunnin wuta, a buɗe ƙofa da taga tukuna. Kuma duk sanyin da ake kar wanda ya shiga ɗaki da kaskon gawayi ya rufe ƙofa ya kwanta, hayaƙinsa ba a gani ba a jin warinsa amma yana kisa cikin barci.

In gida biyu suka haɗu a lokaci ɗaya, matan su yi magana tun ranar farko, tukunya ɗaya za a yi ko kowa tasa. Mu mun fi son tukunya ɗaya a raba kwanan girki, yara su ci tare su saba da juna don ai dalilin barin gidan ke nan. Amma kowa ya tsawata wa nasa, kuma in ɗanka ya fasa abu ka faɗa ka biya, ba abin kunya ba ne. Ƙofar gida ƙarfe goma na dare ake kullewa, samari masu son yawo su sani. Mangwaro da piya a ci a ƙoshi a ba maƙwabta, amma ba a kiran mai saye a sayar da bishiya sukutum, kuɗinta na kowa ne. Akwatin Baba da littattafansa da darduma tasa suna nan a kulle a ɗakinsa, mai son gani ya gani ya mayar, ba a ɗauka a ce za a ajiye don tunawa. Mai gadi kuma ba ɗan aike ba ne, in ka sa shi aikin da ba nasa ba kamar wankin mota ka sallame shi daga aljihunka. In za a kai yara tafkin Tizon ko ganin fadar Lamiɗo babba ya raka su, kuma ba a shiga ruwa.

Na bakwai, ranar tafiya, wannan mun rubuta shi da babban rubutu mun manna a bayan ƙofar falo. Tun ana gobe tafiya a yi wanki don kar a bar jiƙaƙƙen kaya a ɗaki. A share ko'ina a wanke banɗaki, a jingina katifu a bango, a kwashe duk abinci har ɗan guntun gari da ke ƙasan buhu a ba maƙwabta don ɓera da kyankyaso kar su samu wurin zama. Firji a kwashe a goge a cire shi daga wuta a bar ƙofarsa a buɗe. Tukunyar gas ta kilo 12.5 guda biyu muke da su, dokar ita ce ka bar ɗaya cike ko yaya, domin mai zuwa bayanka wataƙila da asuba zai sauka da yara masu jin yunwa. Haka wuta, ka bar abin da zai kai shi kwana biyu. A rufe babban famfo daga waje, a zubar da ruwan da ya kwanta a bokiti da tsofaffin tayoyi, a kulle rijiya, a sauke babban makunnin wuta. Sai ka sake ɗaukar hoton mitoci biyun ka tura, ka buɗe littafin da ke kan tebur ka rubuta ranar da ka zo da ranar da ka tafi da duk abin da ka ga yana neman gyara, ko yoyon kwano ne ko gara ta fara hawa bango. Ka yi sallama da maƙwabta da mai gadi, makullin kuma ka kawo min hannu da hannu, in sammako za ka yi ka kawo tun dare ka fita ta ƙaramar ƙofa mai gadi ya rufe, kar a bar shi ƙarƙashin dutse ko a shagon bakin layi.